Ƙodar Hagu ta Malam Hammanjoda

Shekara talatin da ɗaya Malam Hammanjoda ya yi yana duba nama a mayanka kafin ya yi ritaya. Abin da aikin ya bar masa, ban da ciwon gwiwa, shi ne rashin yarda da kowa a kan ƙoda. A wajensa dabba ƙoda biyu gare ta, ɗaya dama ɗaya hagu. In aka rataye akuya ya leƙa ya ga guda ɗaya, ba sai an wahalar da kai ba, ɗayar tana aljihun mahauci. Sau da yawa kuwa gaskiyarsa ce, don mahauta sun san daɗin ƙoda gasasshiya, sun kuma san ƙodar da ta nuna cuta ita ke sa a hana sayar da naman duka.

Labarin da ya fi son bayarwa, wanda duk mu mutanen unguwar Majidaɗi mun haddace shi kan dole, na wani mahauci ne ɗan garin Kona mai suna Njidda. An taɓa rataye bunsuru, Malam ya duba ya tarar da ƙoda ɗaya ƙatuwa a gefe guda, ɗaya gefen wayam. Njidda ya rantse har da hawaye cewa haka ya tarar da cikin. Malam bai saurare shi ba. Ya hana naman hatimi, ya sa aka dakatar da mutumin wata guda. Duk lokacin da ya kawo ƙarshen labarin sai ya bugi cinyarsa ya ce, "Ni za a yi wa wayo a kan ƙoda?"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Dokta Philemon, likita mai ƙaramin asibiti a unguwar Barade, kuma a jikin katangar akwai 'yar ƙofar kwano da ba a taɓa saya mata kwaɗo ba. Dokta yana kiransa Hamma, shi kuma yana kiransa Dokta ko da musu suke yi. Duk jajiberin Kirsimeti Malam ne ke yanka akuyar gidan Dokta, don maƙwabta Musulmi su ci hankali kwance. Da Babbar Sallah kuma cinyar rago ta farko ta ƙofar kwanon nan take bi. Shekara ashirin da shida ana haka. Dokta ne ma ya yi masa tiyatar afendis shekara goma sha biyu da suka wuce, ya kuma yi kwana uku yana leƙa shi kamar ba shi da wani majinyaci.

To, sai fitsari ya fara yi wa Malam gardama, irin wadda yake yi wa maza masu shekarunsa. Ya je bayi, ya dawo, ya sake jin kamar bai je ba. Mai hankali da ya tura ƙofar kwano ya faɗa wa likitan da ke bayanta. Amma Malam kunya gare shi ta bugawa a jarida, ba zai iya kallon idon abokinsa ya yi maganar fitsari ba. Wata uku yana fama shi kaɗai. A farkon Disamba ya sulale ya hau keke napep, ya tafi wani wurin ɗaukar hoton ciki a can ƙarshen gari inda yake ganin ba wanda ya san shi.

Mai ɗaukar hoton, wani mai gilashi da ake kira Elijah, ya shafa masa mai mai sanyi a ciki, ya yi ta yawo da kan na'urar. A dama bai daɗe ba. Da ya koma hagu sai ya danna, ya juya Malam, ya sake dannawa.

"Baba, an taɓa yi maka aiki a ciki?"

"Afendis. Da daɗewa."

"To, Baba, gaskiya ban ga ƙoda na hagu ba. Wurin babu komai. A dama kuma akwai wani abu kamar ƙulli a ƙasan ƙodan. Ban ce wani abu ne ba, amma ka kai wannan takarda wurin babban likita."

Maganar ƙullin ko kunnensa ba ta shiga ba. Abu biyu kawai ya ji: an taɓa buɗe cikinsa, kuma ƙoda ɗaya ba ta nan. Shekara talatin da ɗaya na aiki suka ba shi amsa tun kafin ya ɗaure tazugensa.

Da ya isa gida ya zaunar da matarsa Asta, ya faɗa mata da murya ƙasa-ƙasa kamar katangar tana da kunne. Asta ta saki baki tana kallonsa.

"Baban Saliha, ka ji abin da kake faɗa kuwa? Dokta? Mutumin da ya hana kansa sukuni a bakin gadonka?"

"Njidda ma kuka ya yi," in ji shi.

"Kai ba bunsuru ba ne. Tashi ka tura ƙofar nan ka tambaye shi."

"Ba a tambayar wanda ake tuhuma a tsakar gida. Akwai hanya."

Hanyar ita ce takarda. Malam tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi imani cewa duk abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ya yi kwana biyu yana tsara takardar koke da Turancin ofis zuwa ga hukumar da ke kula da likitoci. Ya fara da sunansa da matakin da ya yi ritaya a kai, ya jera ranaku, ya lissafa hujjoji ɗaya zuwa bakwai, ta shida ya kwafo ta yadda take daga takardar mai ɗaukar hoto, ya rufe da cewa yana neman a binciki inda aka kai ƙodarsa ta hagu. Yana rubutu yana share hawaye, don kada a ɗauka bai ji ciwo ba. Ya ji tsoron mutuwa, ya kuma ji baƙin cikin cewa abokinsa ne. Amma ko sau ɗaya bai yi shakkar lissafinsa ba.

A ƙa'idar aikin da ya sani, duk wanda aka kai ƙararsa sai an ba shi kwafi. Asalin takardar sai Litinin za a kai, ranar kuwa Juma'a ce, sai ya ga babu dalilin ɓata lokaci. Ya sa kaftani, ya zaro tsohon littafinsa na kai wasiƙa, ya fita titi ya zagaya ya ƙwanƙwasa babban get ɗin Dokta, abin da bai taɓa yi ba tunda aka gina gidajen. Alice matar Dokta ta buɗe da ludayi a hannu.

"Hamma, jam na? Lafiya dai? Yau kuma ta get? Ƙaramin ƙofa ya lalace ne?"

"Madam, sa hannu a nan. Ki sa kwanan wata."

Ta sa hannu tana dariya, a zatonta katin biki ne.

Washegari da hantsi Alice ta turo ƙofar kwano, babu dariya a fuskarta. Ta miƙa wa Asta ambulan, ta ce a hankali, "Tun jiya bai ci abinci ba," ta juya. Malam ya buɗe. A ciki akwai kwafinsa, an rubuta "An karɓa" a samansa da jan biro, sai wata gajeriyar wasiƙa da hannun Dokta.

Wasiƙar ba ta musa komai ba, ba ta kuma yi rantsuwa ba. Ta ce kawai takardar koken tana da giɓi: ba a haɗa ta da rahoton ƙwararren likita ba, kuma hukuma ba ta duba fayil ɗin da bai cika ba. Ta ce akwai Dokta Mahbuba, likitar ƙoda da mafitsara a babban asibiti, an kama masa layi ranar Talata ƙarfe tara. In rahotonta ya fito, ya haɗa ya aika.

Malam ya karanta sau biyu. An zarge shi da abubuwa da dama a rayuwa, amma ba a taɓa cewa ya aika fayil maras cika ba. Ya mayar da asalin takardar cikin durowa.

"Ko ɓarawo in ya faɗi ƙa'ida, ƙa'ida ce," ya ce wa Asta.

"Allah ya shirye ka," in ji ta. Ta lura da abin da shi bai lura ba: duk duniya mutum ɗaya ne ya san yadda za a kai wannan tsohon asibiti da ƙafarsa.

Ranar Talata Asta ta raka shi. Dokta Mahbuba ba ta kai sa'ar babbar 'yarsa ba, amma ta saurare shi har ƙarshe, har da hujja ta bakwai, ba ta yi dariya ba. Ta duba tabon tiyatar, ɗan gajere a ƙasan ciki ta dama, ta auna shi da yatsa.

"Baba, ta wannan 'yar kafa ko hannu ba ya shiga sosai, balle a miƙa har bayan haƙarƙarin hagu. Amma kada mu yi musu da baki. Ni ƙullin nan da aka rubuta ya fi damuna. Za a ɗebi jini, sannan a yi maka babban hoto."

A ranar ne Malam ya fara jin maganar ƙullin da kunnen basira. Aka ɗebi jinin. Bayan kwana biyu aka yi masa allurar wani ruwa da ke haska hanyar fitsari, aka tura shi cikin wata na'ura mai baki kamar rijiya a kwance, yana ta salati. Ranar Litinin suka koma karɓar sakamako, suka tarar da likitar tana murmushi ita kaɗai a gaban kwamfuta.

"Baba, zauna. Mama, matso ki gani. An ga ƙodar."

"A ina?" Malam ya miƙe tsaye. "Wa aka sa wa?"

"Kai aka sa wa, tun kafin a haife ka."

Ta juyo da fuskar kwamfutar. Ta nuna masa ƙashin baya, ta nuna hagu, wayam kamar yadda aka faɗa. Ta nuna dama: ga ƙoda a mazauninta, ga wata kuma manne a ƙasanta, sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya mai tsawo. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Jariri yana ciki, ƙodojinsa daga can ƙasa wajen ƙugu suke farawa, sannan su hau kowace ta kama gefenta. Tasa ta hagu da ta tashi hawa sai ta ƙetare ta bi 'yar uwarta, ta manne mata. Kowace tana da bututunta na kai fitsari, kuma bututun ta hagun ya sake ƙetarawa ya shiga mafitsara ta hagu, daidai inda ya kamata. Ƙullin da aka gani a hoton farko ita ce.

"Ba ƙari ba ne, ba kansa ba ce, ba cuta ba ce ma," in ji ta. "Halitta ce. Mutum ɗaya cikin dubbai ake samu haka, da yawa har su tsufa ba su sani ba. Jininka ya nuna duka biyun suna aiki lafiya. Ba abin da za a yanka. Ka riƙa shan ruwa sosai, in ka ji ciwon kwiɓi ko zazzaɓi ko ka ga jini a fitsari ka zo da wuri, don irin wannan ta fi saurin tara tsakuwa. Gardamar fitsarin kuwa ta shekaru ce, zan rubuta maka magani."

Malam ya kai hannu kan tabonsa.

"Ɗan sama kaɗan, ta baya," in ji likitar. "Shekara sittin da uku tana nan."

Ya zura wa hoton ido. Dunƙule ɗaya ƙato a gefe guda, ɗaya gefen wayam. Ya taɓa ganin wannan, ba a kwamfuta ba, a rataye a jikin ƙugiya.

"Likita, dabba ma tana yin haka?"

"Ban karanci dabbobi ba, Baba, amma ban ga abin da zai hana ba. Kai ya kamata ka faɗa mini."

Ya sake duban hoton. Ta roƙe shi ya bari ta nuna wa ɗalibanta hoton, don a shekara tara na aikinta wannan ne na biyu da ta gani. Ya yarda, har ya ɗan gyara zaman hularsa. Asta kuwa ta riƙe dariyarta har suka shiga keke, daga nan ta sake ta, mai keken yana ta waiwayowa.

"Ƙodarka ma halinka ta ɗauko," ta ce tana share ido. "Ta yanke shawara ita kaɗai, ba ta tambayi kowa ba."

Murnar samun lafiya kwana ɗaya ta yi masa, kunya ta karɓi wurin. Ya daina zama a ƙofar gida. In ya ji motar Dokta sai ya shige ɗaki. Ana saura kwana huɗu Kirsimeti aka kawo akuya gidan Dokta, aka ɗaure ta a jikin katangar nan, ta yi ta kuka safe da yamma. Kowace shekara war haka Dokta ya riga ya leƙo ya ce, "Hamma, ka wasa wuƙa." Bana ƙofar kwano ko motsi ba ta yi ba. Malam ya tabbata an nemi wani mai yankan, kuma ya san bai da bakin magana.

Ranar jajiberi da sassafe Asta ta same shi da biro, ya kai shafi na biyu na takardar janye koke. Ta zare takardar daga gabansa, ta haɗa da asalin koken da ke durowa, ta tura su duka a murhu ƙarƙashin tukunyar kunu. Sannan ta ɗauko wuƙar yankansa a kube ta ajiye masa a cinya.

"Takarda ce ta kai ka inda kake. Yau da bakinka za ka je. Kuma ta ƙaramar ƙofa."

Taku goma sha biyu ne daga ɗakinsa zuwa ƙofar, ya yi su kamar mai tafiya Kona a ƙasa. Ya tura. Dokta yana zaune a kujerar roba a gindin mangwaro, da singileti da tawul a wuya. An haƙa ramin jini, an ajiye ruwa a bokiti da faranti babba, akuya tana ɗaure. Babu wani mai yanka.

"Ka makara," in ji Dokta, bai ɗago ba. "Akuya yana jira tun bakwai."

Alice ta leƙo daga kicin. "Na ce ya kira wani, ya ce in Hamma bai zo ba, akuya ya kai sabon shekara."

Malam ya tsuguna a gabansa da gwiwoyin nan masu ciwo. Duk jawabin da ya shirya ya gudu.

"Dokta, na zalunce ka. Tana nan. Duka biyun suna nan."

"Na sani, Asta ta faɗa wa Alice tun ran Litinin." Sai a lokacin ya dube shi, idonsa ja. "Ya yi mini zafi, Hamma, ba zan ɓoye ba. Ka ce mini ɓarawo da lamba ɗaya zuwa bakwai. Ka kira matata Madam. Amma tsoro yana sa mutum hauka, wannan na gani a asibiti. Wanda ban iya haɗiyewa ba, wata uku kana ciwo, katanga ɗaya tsakaninmu, ka hau keke ka tafi wurin baƙo."

"Kunya na ji."

"Kunya? Ni da na ga hanjinka?"

Alice ta fashe da dariya a kicin, Asta ma da ta laɓe a bakin ƙofar kwano ta kasa daurewa. Malam ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, shi kansa bai san ko dariya yake ko kuka ba.

"Dama ka san ƙodar can take?" ya tambaya.

"Ban sani ba. Na san dai ban ɗauka ba. Wannan ƙulli da ka rubuta a lamba shida kamar ba komai ba, shi ne ya hana ni cin abinci, ba zaginka ba. Tashi, gwiwanka ba na tsuguno ba ne."

Aka kayar da akuya, Dokta ya riƙe ƙafafu kamar kullum, Malam ya fuskantar da ita gabas ya yi bismillah ya yanka. Suka rataye ta a reshen mangwaro suka feɗe. Da aka buɗe ciki, hannun Malam ya tafi wajen ƙoda da kansa, tsohon sabo, sai ya ankara ya janye shi da sauri.

"A'a, ci gaba," in ji Dokta. "Alice! Asta! Ku zo ku tsaya shaida. A ƙirga a gaban kowa, kada gobe in ga takarda."

Malam ya ciro su. Ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, sumul, ba tabo. Dokta ya karɓa ya juya su, ya ɗora masa duka biyun a tafin hannu ya rufe da nasa.

"Naka ne. Ka je ka gasa. Yanzu kana da huɗu."

Malam ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗauki ɗaya ya ajiye a farantin Dokta, ya tsinko ganyen mangwaro biyu ya naɗe ɗayar.

"Wannan taka ce, Dokta. Ka ci, ka yafe mini."

"Ɗayan fa?"

"Akwai wani tsohon mahauci a Kona," in ji Malam, yana wanke hannu a bokiti. "Shekara goma sha tara ke nan da ya faɗa mini gaskiya yana kuka. Ara mini motarka."

Dokta ya sa rigarsa ya ɗauko makulli. "Ba ka iya tuƙi ba, Hamma. Shiga mu je."